Daga Jangare Zuwa Bakin Teku: Masu Iko a Labaran Zangon Lome

A shekarar 1977, zamanin mulkin Janar Gnassingbe Eyadema, hukumomin Togo suka sa katafila ta share tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar birni. Aka kwashe mutanensa zuwa bayan gari, wajen kilomita 15 ta arewa, a yankin Togblekope, bakin babbar hanyar da ta miƙe har iyakar Burkina Faso. Inda gidajen fatake da dillalan shanu da na goro suke a da, yanzu dogayen benayen bankuna da ofisoshi ne. A cikin wannan shekara dai aka buga wani littafi a Landan mai suna The Silmarillion, na marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, shekara huɗu bayan rasuwarsa. A lokacin babu abin da ya haɗa rusau ɗin Lome da littafin Landan. Yau kuwa akwai, domin jikokin waɗanda aka tasa daga tsohon Zango suna cikin miliyoyin matasan da ke raba dare suna kallon irin duniyar da Tolkien ya koya wa marubuta da masu shirya fim ginawa: duniya ta ƙage, mai taswirarta da harsunanta da sarakunanta, har da labarin yadda aka halicce ta da waɗanda aka danƙa wa ikon juya ta.

Wanda ya bi ta sabon Zango bayan sallar isha'i zai gane wa idonsa. Manyan motocin da suka yi lodi a tashar jirgin ruwa suna jere, suna jiran gari ya waye su kama hanyar Wagadugu da Yamai da Bamako. A teburin mai shayi da gefen tukubar mai tsire, yaran mota da 'yan kabu-kabu da 'yan makaranta sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Yau fim ɗin Amurka ne, Thor yana kiran tsawa da gudumarsa. Gobe na Indiya ne da aka juya zuwa Hausa a Kano, jibi kuma zanen Japan mai magana da Faransanci. Gardamar da ke biyo baya ba ta cika sauyawa ba: wa ya fi wani ƙarfi, wa zai iya kashe wa, wa ya riga kowa zuwa tun ba a yi sama da ƙasa ba. Uba kuwa in ya leƙa ya ga wani mai hannu huɗu, ko ya ji ana kiran wani ubangijin tsawa, abin da ke fita bakinsa shi ne, a'uzu billahi, kashe abin nan, shirka ce.

Ban ga laifin uban da ya faɗi haka ba. Tauhidi ne ya riƙe Bahaushen Zango fiye da shekara ɗari a bakin teku, tsakiyar mutanen da addininsu da al'adarsu suka sha bamban da nasa. Sai dai akwai maganar da ba a gaya wa yaran nan ba. Kakanninsu ma sun gina irin wannan duniya, sun cika ta da masu iko, sun kuma ɗora ta a kan ƙa'idar da yawancin fina-finan yau suka yar.

Ikon aro

A labarin Tolkien, da farko ɗaya ne tilo, sunansa Eru. Daga tunaninsa ya fito da wasu halittu, Ainur, ya ba su waƙa su rera, waƙar ta zama hoton duniyar da za a yi. Amma hoto ne kawai, har sai da Eru da kansa ya ba ta samuwa. Waɗanda suka sauko cikinta don su gyara ta su ne Valar, kowa da fagensa: Manwe na iska, Ulmo na ruwa, Aule na duwatsu da ƙira, Yavanna ta tsirrai, Mandos mai tsaron gidan matattu. Wanda ya fi su duka baiwa, Melkor, shi ne ya so ya yi halitta tasa ta kansa. Ya yi ta yawo a sarari yana neman wutar da ke ba abu rai, bai same ta ba, domin tana wurin Eru. Daga nan ya koma mai ɓata abin da wasu suka gyara.

Wurin da ya fi taɓa ni a littafin shi ne na Aule. Ɗokin ganin masu rai ya sa ya ƙera wadanni bakwai a ɓoye. Suka fito da hannu da ƙafa, amma ba sa motsi sai in ya sa su a ransa, da zarar hankalinsa ya koma wani wuri sai su sandare. Da Eru ya tuhume shi, ya tuba, ya ɗaga guduma zai farfasa su yana kuka, sai Eru ya karɓi tubansa ya ba su rai na kansu. Tolkien ɗan ɗariƙar Katolika ne mai riƙo da addini, bai yarda ko a cikin ƙage ya ba wani ikon halitta ba in ban da ɗaya. Valar ɗinsa maƙera ne: suna iya ƙera fartanya, amma ba su suka yi tama ba.

Masu fim sun kwashi walƙiya da tsawa daga irin wannan labari sun bar ƙa'idar. A fim ɗin Avengers na 2018, Thanos ya tara duwatsu shida a safar hannu, ya ƙyasta yatsa, rabin masu rai suka zama toka. A nan iko ya koma kaya, wanda ya fi tarawa shi ne ubangiji. Wannan ne ya kamata ya dami uba, fiye da hannu huɗu ko guduma: labarin da babu kowa a saman mai ƙarfi.

Birnin da ba ya cikin taswira

Tun ba a haifi Tolkien ba Hausawa suke da Jangare, birnin iskoki. Wasu sukan ce can arewa yake, wajen Azbin, kuma matafiyin da ya faɗa cikinsa ba ya komowa. Hafsan sojan Ingila A.J.N. Tremearne ya tattara labarinsa a bakin Hausawan Tunis da Tarabulus, waɗanda bauta ta kai da yawansu can, ya buga a 1914 cikin The Ban of the Bori. Wato mutanen da aka raba da gida da dangi sun ƙetare Sahara ɗauke da birni sukutum a ka. Daga baya Fremont Besmer, wanda ya zauna da makaɗan bori a Kano, ya kawo tsarin birnin a littafinsa na 1983: gida goma sha biyu, kowane gida da mai gidansa, Sarkin Aljan Sulemanu yana bisa kowa.

Duk wanda ya san fadar Hausa zai gane Jangare da kallo ɗaya. Ga Ɗan Galadima, ɗan sarki kyakkyawa, mai ado da turare da caca, wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Ga Malam Alhaji, tsoho mai tasbaha da tari, malamin birnin. Ga Kuturu da dungulmin hannu yana korar ƙuda, amma babba ne da ake jin maganarsa. Ga Inna Bafilatana mai nono da shanu, da 'yar'uwarta Barhaza, masu shanye wa mutum gaɓa. Ga Sarkin Rafi na fadama da ruwa, mai fushi, ga Danko ɗan Musa da ke jan ciki irin na maciji, ga Kure, ga Mai Gizo da cukurkuɗaɗɗen gashi. Akwai gidan makafi, akwai na Fulani, akwai na arna. Suna aure, suna kishi, suna ba juna riƙon 'ya'ya, suna wasan taubasantaka. Kowannensu da kirarinsa da takensa a garaya ko goge, da kalar tufarsa, da irin dabbar da yake so. Mutumin da iska ta hau kuwa doki ne ko goɗiya, in za ta sauka sai ya yi atishawa.

Abin lura shi ne yadda aka raba musu iko. A wurin 'yan bori, ciwon da iska ta sa ita ce mai maganinsa, kuma ba ta shiga gonar wata. Kuturu ba ya aikin Sarkin Rafi, Ɗan Galadima duk gatansa yana da wanda yake rusuna wa. Sama da wannan duka, babu ɗayansu da aka taɓa cewa ya halicci ko tururuwa. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano gab da yaƙin duniya na biyu, ya rubuta a 1946 cewa su ma da ba su musulunta ba Allah suke ɗauka a matsayin na sama da kowa, iskoki kuma a ƙarƙashinsa suke. Haka labaran asali suke. Na Bayajida ya ba da labarin macijiyar rijiyar Kusugu da kafuwar sarautun Hausa, tarihin Kano ya kawo Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, amma babu wanda ya ce ga wanda ya yi rijiyar duniya ko ya dasa dutsen. An bar wa Mai abin abinsa.

Ko labarin asalin iskokin ma haka ne. A ƙasar Arewa ta Nijar, wajen Dogondutsi, inda Adeline Masquelier ta yi bincike, ana cewa Adamu da Hauwa'u sun haifi tagwaye masu yawa. Da Ubangiji ya ce a kawo su ya gani, sai iyayen suka ɓoye waɗanda suka fi kyau. Shi kuwa da ba a ɓoye masa komai ya hukunta cewa waɗanda aka ɓoye su dawwama a ɓoye. Malami zai ce wannan ba ya cikin Alƙur'ani ko hadisi, kuma gaskiyarsa ke nan. Amma a matsayin ginin labari, dubi aikin da ya yi a 'yan jimloli. Ya mai da mutanen ɓoye 'yan'uwanmu na ciki ɗaya, ya bayyana dalilin da suke jin haushinmu suke kuma maƙale da mu, ya nuna cewa ɓuyan nasu ma hukunci ne aka yanke musu, ba ƙarfinsu ya ba su ba.

Jangare kuma ba ta rufe ƙofa. Duk baƙon da ya zo da ƙarfi sai a yi masa gida a ciki. Wajen 1925, a yankin Filinge, aka fara ganin sababbin iskoki masu fareti da sara wa juna, masu sunayen gwamna da kwamanda da kofur, waɗanda ake kira Hauka ko Babule. Faransawa suka kama mabiyansu suka ɗaure, abin bai mutu ba. Ya bi 'yan ci-rani zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim kusa da Akra, tafiyar 'yan sa'o'i daga Lome, ya fitar da Les Maîtres fous a 1955. Mutanen da bindigar Bature ta fi ƙarfinsu sun ɗauki Baturen sun sa shi cikin jerin iskoki, inda shi ma yake da take da iyaka da lokacin sauka.

Maƙwabta

Ɗan Zangon Lome yana da abin da ɗan Kano ba shi da shi: wata duniyar masu iko ce a ƙetaren titi, da ranta. A nan dole a yi hattara da harshe, domin ga Ewe da Mina da Fon masu bin vodu wannan addini ne, ba ƙage ba. Kurmin Be mai alfarma yana nan cikin birni, kasuwar kayan tsafi ta Akodessewa tana ci kullum, kowace Satumba kuma jama'a na ɗunguma zuwa Glidji don ganin kalar dutsen da za a fito da shi daga kurmi, wanda ke nuna yadda sabuwar shekarar al'ummar Guin za ta kasance.

Su ma a can sama ɗaya ne. Mawu ne sunan mahalicci a bakin Ewe, shi ne kuma sunan da Kiristocinsu ke kiran Ubangiji da shi a coci. A Abomey, cikin Jamhuriyar Benin ta yau, Melville Herskovits ya rubuta ruwayar Fon a shekarun 1930. Nana Buluku ta haifi Mawu da Lisa, mace da namiji, wata da rana, sanyin dare da zafin yini. Su kuma suka raba wa 'ya'yansu mulki: Sakpata ya sami ƙasa da ciwon agana, Hevieso ya sami sama da aradu, Agbe ya sami teku, Gu ya sami ƙarfe da yaƙi. Autansu Legba bai sami ƙasa ba, amma shi kaɗai ya iya harshen kowa, don haka duk saƙon da zai wuce tsakaninsu sai ta hannunsa, shi kuwa ga wayo ga haɗa husuma. Wanda ya tashi da labarin Gizo ba zai yi baƙunta da Legba ba. Sai kuma maciji Aido-Hwedo, wanda ya ɗauki mahalicci a bakinsa suka zaga ana tsara duniya, kwanar da ya yi ta zama koguna. Da aka ga nauyin ya yi yawa, aka sa shi ya naɗe a ƙarƙashin ƙasa cikin teku ya tallafe ta. In ya motsa, ƙasa ta girgiza. Almajirin da ya taɓa jin abin da wasu littattafan ƙissoshin annabawa suka kawo, na sa da kifin da ke ɗauke da ƙasa da Dutsen Ƙaf da ya kewaye ta, ruwayoyin da manyan malamai suka ce ba su inganta ba, zai ga cewa tambayar ɗaya ce ɗan Adam yake yi ko'ina: me ya riƙe abin da muke takawa?

Abin da ya fi ban mamaki, wanda 'yan Zango da yawa ke wucewa ta gefensa ba su tsaya ba, shi ne su kansu suna cikin duniyar maƙwabtan nan. A farkon ƙarni na 20 wani reshen vodu ya bazu a kudancin Togo da ƙasar Ewe ta Gana, ya shigo ta Gwalkwas a matsayin maganin mayu daga arewa. Ana ce masa Gorovodu, wasu su ce Tron ko Brekete. Abincin iskokinsa goro ne. Suna da uba, Kunde, da matarsa Ablewa, da Sunia Kompo, da Sakra Bode, da Bangele mayaƙi, da Nana Wango ta ruwa. Mabiya sukan sa riguna da huluna irin na mutanen arewa, su riƙe buta, su yi abin da ya yi kama da alwala da salla, ana kuma tsintar kalmomin Hausa a waƙoƙinsu. Judy Rosenthal ta rubuta littafi a kansu a 1998, Steven Friedson ya yi nasa a 2009.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekaru aru-aru ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato su bi ta Jugu da Sansanne Mango da Yendi zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fata su komo da goro. Tare da su akwai malamai masu rubutun sha da laya, waɗanda har fadar Asante ta riƙa nema don ɗinka wa mayaƙanta rigunan layu. Da Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sandan mulkin mallaka a Togo, Hausawa na cikin waɗanda suka fara ɗauka. A idon mutumin kudu, ɗan arewa shi ne baƙo mai goro, mai rubutu, mai bindiga, mai asiri. Sai ya yi masa abin da mutanen Filinge suka yi wa Bature. Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Mina da Ewe suna da Mama Tchamba, wato girmama kurwar bayin da aka sayo daga arewa suka mutu a gidajen kudu ba a yi musu jana'izar garinsu ba, jikokin iyayen gijinsu ne kuma ke biyan bashin. Kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, kuma fatakenmu ba 'yan kallo ba ne a wannan ciniki.

Musulmin Zango ba zai karɓi ko ɗaya daga cikin wannan a matsayin ibada ba, ba kuma wanda ya isa ya nemi haka gare shi. Amma mai son rubuta labari ya kamata ya san cewa rigar kakansa da butarsa da goron aljihunsa sun zama kayan masu iko a tunanin wata al'umma da suke cin kasuwa ɗaya.

Inda malamai suka ja layi

Musulunci bai ce babu gaibu ba. Ya ce an halicci mala'iku daga haske, aljannu daga wuta, Adamu daga yumɓu. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Sulaimanu, wanda aka hore wa iska da aljannu masu gini da masu nutso, da ifiritun da ya yi tayin kawo gadon sarautar Bilkisu kafin a tashi daga zaman fada. Ya kuma ba da labarin rasuwarsa yana dogare da sanda, aljannu na ta wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Babu darasin da ya fi wannan ga mai gina labari: ga ƙarfin da zai ɗauko gado daga wata ƙasa, ga jahiltar abin da ke gaban ido. Abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka yaƙa tun daga jihadin 1804 shi ne yanka da roƙo da dogaro ga wanin Allah. 'Yarsa Nana Asma'u ma da ta kafa 'Yan Taru don ilimin mata, malfa ta ɗora wa jagororinsu da ake kira jaji, irin wadda aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita. Ta karɓi siffar da mata suka saba girmamawa ta zuba mata wani abin daban.

Tatsuniya kuwa tun asali ta raba kanta da aƙida. Da dare ake yin ta, a buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, mai bayarwa ta faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. A tsakanin buɗewa da rufewar nan Dodo na iya haɗiye gari guda da shanunsa, ɗan ƙaramin yaro ya farke cikinsa kowa ya fito. Ba yaron da ya taɓa tashi da safe ya yi wa Dodo yanka.

Marubutan farko na boko a kan wannan turba suka bi, kuma 'ya'yan malamai ne. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda neman ruwan magani ya kai Alhaji Imam har ƙasar aljannu, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, inda jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya shiga yaƙi a duniyar aljannu. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A zamaninmu littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun cika da bokaye da matsafa da aljannu masu fukafukai, ana karanta su ana kuma sauraron su a YouTube. A galibinsu, komai ƙarfin tsafi, ƙarshensa karyewa ne a gaban wanda ya dogara ga Allah. Ƙa'idar tana nan da ranta.

Inda nake da ƙorafi a kan yawancin littattafan yaƙin nan shi ne wurin da suke kafa duniyarsu. Misra ce, Bagadaza ce, birnin Sin ne, sunaye da fadoji duk aron Dare Dubu da Ɗaya. Ba laifi ba ne, amma ga Kufena da Kwatarkwashi da Dala a tsaye, ga Jangare da gida goma sha biyu ba wanda ya shiga da alƙalami yadda ya kamata. A 2018 Tomi Adeyemi, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ta ɗauki orisha, masu ikon Yarabawa, ta gina Children of Blood and Bone, littafin ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a can. Kayan da ke hannun Bahaushe bai gaza nata ba. Na ɗan Zangon Lome kuwa har ya ɗara: yana da teku da tafkin Be da kogin Zio mai ambaliya, yana da hanyar goro da kurwar bayinta, yana da unguwar da aka share aka yi gini a kanta, yana jin Hausa da Mina da Faransanci, wani ma har da Kotokoli ko Zabarmanci.

Ba kuma yau zango ya fara ciyar da adabin Hausa ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watse garin, ya koma Kete-Karachi da ke ƙarƙashin Togon Jamus a lokacin, ya zama limami har rasuwarsa a 1934. Shi ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich, mai ƙamus ɗin Hausa na 1906, tarihi da al'adu da labaran Hausawa da ajami. Tatsuniyoyin da R.S. Rattray ya buga a 1913 ma wani malami ne, Malam Shaihu, ya rubuta masa su a Gwalkwas. Kaso mai tsoka na tsofaffin labaranmu da suka tsira a takarda daga hannun mutanen zango ya fito. Shi kuwa Zangon Lome, littafin da aka fi saninsa da shi, na Michel Agier na 1983, a kan fatauci da zumunta ne: mai gida da baƙinsa, dillali da la'adarsa, aure da biki. Abin da kaka ke gaya wa jikoki a tsakar gida ba shi ne abin da ya je nema ba.

Wannan aiki na 'yan unguwa ne. Ƙungiyoyin matasan Zango su zauna da tsofaffin mata su naɗi tatsuniyoyinsu da muryarsu, da waƙoƙin da ke ciki, da sunayen dodanni da iskokin da suka ji a bakin nasu kakannin, kafin a nema a rasa. Malaman islamiyya su karanta abin da yaro ya rubuta kafin su yanke masa hukunci, su nuna masa inda layin yake: ya ba jaruminsa iska da ruwa da wuta in ya so, amma kada ya ba shi rai da mutuwa da sanin gaibu, kada kuma ya kwaikwayi ibadar maƙwabci don ya yi mata dariya. Gidajen rediyon da ke da filin Hausa a Lome su ware wa irin waɗannan labarai lokaci. Masu shirya gasar rubutu kuma, daga Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 har zuwa na ƙungiyoyin marubutan Kano da Katsina da Maraɗi, su buɗe rukuni na musamman ga labaran duniyar ƙage, su kuma tabbatar sanarwar ta isa Lome da Kumasi da Kwatano.